Hoton CT bayan dashen jijiyar zuciya

Wani labari ya ce hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka yanki-yanki, ya wadatar wajen bin diddigin jijiyoyin zuciya bayan tiyatar dashe, inda ake amfani da jijiyar jini ta ƙirji ko ta ƙafa don jini ya kewaye wurin da jijiyar zuciya ta toshe. Da sauran magana. CT na nuna jijiyar da aka dasa sarai, domin tana da faɗi kuma ba ta motsi sosai. Matsalar tana ga jijiyoyin zuciyar na asali: kalsiyam da ya taru a bangonsu yana haske a hoto, sai toshewa ta yi kamar ta fi yadda take. Ga shi kuwa sashen da ke kafin mahaɗar dashe ya fi saurin toshewa, tunda jini ya samu wata hanya.

Dole a fara ɗaukar hoton daga gindin wuya, in ba haka ba a rasa tushen jijiyar ƙirji da aka karkato. A sauko da bugun zuciya kusa da 60 a minti, a duba ƙoda kafin allurar rinin da ke haska jijiyoyi a hoto.

Jijiyar da aka ciro daga ƙafa aka dasa ce abin sa wa ido: kusan rabi kan toshe cikin shekara 10, alhali ta ƙirji sama da kashi 90 cikin 100 na nan a buɗe. Wanda ciwon ƙirji ya dawo masa, a haɗa masa da gwajin gudanar jini yayin motsa jiki.