Wa ɗalibin firist zai faɗa wa gaskiyarsa?

An ce labarin zuciya a tambayi fuska. A makarantar horar da firistocin Katolika, wato seminari, wannan karin magana ba ta cika aiki ba. Saurayi ya shiga da ƙuruciyarsa, ya san cewa ƙarshen kowace shekara malamansa za su zauna a kansa, su rubuta wa bishop rahoto, kuma rahoton nan zai iya sa ya tattara komatsansa ya koma gida. Kafin a je ko'ina fuskarsa ta koyi abin da ake so ta nuna. Ƙararrawar asuba na kaɗawa yana sahun farko a ɗakin sujada. Ba ya musu, ba ya makara, in aka tambaye shi lafiya ya ce lafiya lau. Abin da ke cin sa kuwa yana nan a ƙunshe, sai bayan an naɗa shi firist.

Paparoma Francis ya taɓo wannan a wata ganawa da shugabannin ƙungiyoyin masu hidimar Coci a watan Nuwambar 2013. Ya yi maganar ɗalibin da ke cije haƙora, yana bin doka, yana murmushi, yana jiran ranar da za a ce masa ya gama. Ya ce horo ba aikin 'yan sanda ba ne, kuma in ba a gyara zuciya ba, ƙananan dodanni ake ƙerawa, su kuma dodannin su ne za su je su yi kiwon jama'a. Maganar ta yi zafi, amma ina ganin ta bugi inda ya dace. Amfanin jagoranci da ba da shawara a seminari shi ne a sami ɗaki guda inda saurayin nan zai ajiye fuskar aro ya faɗi abin da ke ransa, ba tare da ya ji cewa kowace kalma za ta koma teburin masu yanke masa hukunci ba.

Lokaci dai akwai shi. Kundin dokokin Coci na 1983 ya ce aƙalla shekara biyu ana karatun falsafa, huɗu na tauhidi. Tsarin horo da Fadar Vatikan ta fitar ranar 8 ga Disambar 2016 ya ƙara da wani matakin share fage wanda ba zai gaza shekara guda ba, kuma ba a naɗa mutum firist sai ya cika shekara 25. Ke nan shekara bakwai ko fiye mutum yana ƙarƙashin rufi ɗaya da masu horar da shi. Wannan ya ishi a yi jinyar tsohon rauni. Ya kuma ishi mutum ya ƙware a ɓoye shi.

Tun da Majalisar Trent, wani babban taron bishop-bishop na Cocin Katolika, ta kafa tsarin seminari a 1563, ƙarfin horon ya fi karkata ga ladabi, addu'a da karatu. Sai a 1965 Majalisar Vatikan ta Biyu ta ce a riƙa amfani da ingantaccen ilimin halayyar ɗan Adam wajen tarbiyyar ɗalibai. A 1971 Luigi Rulla, firist ne kuma likitan ƙwaƙwalwa, ya kafa cibiyar nazarin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Gregorian da ke Roma. Bincikensa ya nuna cewa da yawa daga masu shiga hidimar suna furta manufa mai kyau da zuciya ɗaya, alhali akwai wasu buƙatu a can ƙasa, kamar son a yaba musu ko gudun wani abin tsoro, da ke jan su ba su sani ba. A 1992 Paparoma John Paul na Biyu ya raba horon gida huɗu: na mutuntaka, na ruhaniya, na ilimi da na kiwon jama'a, ya ce na mutuntakar shi ne harsashi, domin halin firist gada ya kamata ya zama tsakanin mutane da Almasihu, kada ya zama shinge.

Abin da ya fi jan hankalina a tsarin shi ne yadda ya raba kujeru. Akwai shugaban seminari da malamai, su ke kallon abin da ke fili, su ke cewa a ci gaba ko a dakata. Akwai jagoran ruhaniya, wanda ɗalibi ke buɗe wa cikinsa. Sashe na 240 na kundin dokokin ya hana a nemi ra'ayin jagoran ruhaniya ko firist mai sauraron furta zunubi idan ana shawarar naɗa ɗalibi ko sallamarsa, hani kuma na har abada, babu togiya. Sashe na 985 ya hana shugaban seminari sauraron furta zunubin ɗaliban da ke zaune gida ɗaya da shi, sai in ɗalibin ne ya nema don kansa. Sai kujera ta uku, ta masanin halayyar ɗan Adam. Ƙa'idojin da Vatikan ta fitar a 2008 sun ce ba ya cikin ayarin masu horarwa, ba a kai masa ɗalibi sai da yardarsa a fili bayan an yi masa bayani, kuma ba a miƙa sakamakon ganawar ga shugabanni sai ɗalibin ya amince a rubuce. Waɗanda suka tsara wannan sun san mutum. Sun san ba wanda zai kwance wa alƙalinsa zani a kasuwa.

A takarda ke nan. Matsalar tana farawa ne ranar da aka mayar da zuwa wurin mai ba da shawara tamkar sammaci. Idan ɗalibai suka lura cewa duk wanda aka ce ya je ya ga masanin, bayan wata uku an sallame shi, to an kashe ɗakin. Wanda ya shiga zai fito da amsoshin da ya haddace, sauran kuma su bi ta bayan gini don kada a gan su kusa da ƙofar.

A ɗauki misalin ɗalibi a shekararsa ta huɗu. Karatu ba laifi, amma ƙaramin abu ke tunzura shi, kuma ya daina barci. Jagoran ruhaniyarsa ya ce ya ƙara addu'a, ya ƙara, abin bai sauya ba. Da ya sami mai sauraronsa mako bayan mako, wanda ba ya gaggawar yi masa wa'azi, sai a zama na biyar ko na shida maganar ta fito: tun yana yaro mahaifiyarsa ta yi alkawarin ba da shi ga hidimar Allah, dangi duk sun riga sun fara kiran sa Fada, wato firist, shi kuwa bai taɓa tambayar kansa ko yana so ba. Ya faɗa, ya yi shiru, yana murza yatsunsa, yana jiran a ce ya yi saɓo. Ba a ce ba. Daga nan hanya biyu ce, kuma kowacce alheri ce. Ko dai ya gano cewa kiran ya zama nasa da gaske, ya ci gaba da ƙafarsa, ko ya gano ba nasa ba ne, ya fita tun kafin ya ɗauki alkawarin zaman rashin aure da zai zame masa ƙaya har tsufa.

Me ya sa abin ya shafi wanda ba ɗalibi ba? Domin wannan saurayin, bayan 'yan shekaru, shi ne wanda mace za ta ƙwanƙwasa wa ƙofa da kumburarren ido ta ce mijinta ne. Shi ne za a kira gadon asibiti tsakar dare. Shi matashin da ke tunanin kashe kansa zai fara gaya wa. Firist mai ba da shawara ne ko ya shirya ko bai shirya ba. Wanda ba a taɓa zama an saurare shi ba, da wuya ya iya sauraro. Zai yi saurin jefa aya, ko ya ce a yi haƙuri a koma gida, ko ya shiga lamarin da ya fi ƙarfinsa maimakon ya ce wannan na likita ne, zo in haɗa ka da shi.

Akwai masu cewa kiran Allah ba a auna shi da gwajin masana, kuma addu'a ta isa. Rabin maganar gaskiya ce, ƙa'idojin 2008 ma sun ce babu ilimin halayyar da zai maye gurbin jagorancin ruhaniya. Amma ciwon damuwa ba raunin bangaskiya ba ne, kuma yaron da aka ci zarafinsa yana ɗan shekara tara ba azumi kaɗai yake buƙata ba. Jagoran ruhaniya nagari shi ne ya fi kowa sanin inda iyakarsa take.

Sukar da ta fi nauyi daga ɗaya ɓangaren take. Ana cewa duk wannan rufin asiri ai shi ne ya ba kuraye damar shiga garke da fatar akuya. Ba maganar da za a yi wa kunnen uwar shegu ba ce. Rahoton Kwalejin John Jay na 2004 ya ƙirga firistoci 4,392 a Amurka da aka zarga da lalata da yara tsakanin 1950 da 2002. A Faransa, kwamitin bincike mai zaman kansa ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan 216,000 ne malaman Coci suka ci zarafinsu tun daga 1950. Bayan irin wannan, wa zai ga laifin mai cewa a tsananta tacewa?

Sai dai rahoton John Jay na biyu, na 2011, ya faɗi abin da masu son tacewa ba su cika maimaitawa ba. Firistocin da suka aikata laifin ba su bambanta sosai da sauran ba a gwaje-gwajen hali da na basira. Inda suka bambanta shi ne rashin kusanci da mutane, rashin aminai tun kafin seminari da lokacin da suke ciki, da ƙarancin horon mutuntaka. Gwajin kwana biyu a bakin ƙofa ba ya kama kaɗaici. Wanda ke zama da ɗalibi shekara da shekaru shi ke ganin sa. Kuma sirrin ɗakin shawara bai rufe idon malamai ba: suna nan suna kallon yadda ɗalibi ke mu'amala da yara, da mata, da kuɗi, da wanda ke ƙasa da shi. Jagoran ruhaniya da ya ga babban cikas, nauyi ne a kansa ya gaya wa ɗalibin ido da ido cewa kada ya nemi naɗi. Mai ba da shawara kuma ba mai sauraron furta zunubi ba ne, a ƙasashe da dama doka ta wajabta masa kai rahoto in rayuwar yaro na cikin haɗari, kuma daidai ne a gaya wa ɗalibi wannan iyaka tun ranar farko.

Kada kuma a manta cewa wani lokacin haɗarin daga sama yake zuwa. Theodore McCarrick na Amurka, wanda ya kai muƙamin kadinal, na kusa da Paparoma, kafin a tuɓe shi daga firistanci a 2019, ɗaliban seminari na cikin waɗanda ya cutar, kuma an daɗe ana raɗe-raɗi ba a yi komai ba. Ɗalibin da makomarsa ke hannun mai cutar da shi yana buƙatar wani wanda albashinsa da muƙaminsa ba sa hannun mutumin.

Inda na fi ganin giɓi shi ne wajen masu horarwar kansu. Ɗaliban manyan seminari a duniya sun haura 100,000, wasu makarantun na da ɗaruruwa a lokaci guda. Sau da yawa firist ya dawo da digirin tauhidi ko na dokar Coci, sai a ɗora masa jagorancin ɗalibai masu yawa, kamar dai iya koyarwa shi ne iya sauraro. Ganawar da ya kamata ta zama ta natsuwa sai ta koma minti goma a tsaitsaye. Bishop da ke tura firist ƙarin karatu, ya dace ya riƙa tura wasu su koyo aikin rakiyar ɗalibai, ya kuma buɗe ƙofa ga ƙwararrun da ba firistoci ba, har da mata, waɗanda tsarin 2016 ya ce kasancewarsu cikin horon na da muhimmanci. Mafi yawan masu cika kujerun coci mata ne, kuma saurayin da ya shekara bakwai bai taɓa karɓar gyara daga mace ba, zai sha mamaki a aikinsa na farko.

Sai maganar fita. Muddin barin seminari abin kunya ne, ɗalibi zai ci gaba da cije haƙora komai ƙwarewar mai ba shi shawara. Wasu da aka sallama sukan lallaɓa wata makarantar, shi ya sa sashe na 241 ya ce sai an nemi bayanin dalilin sallamar daga tsohon shugabansu. Wanda ya fita don kansa kuwa, bayan ya faɗi gaskiya, ya cancanci a ba shi takardar karatun da wata jami'a za ta karɓa, a ci gaba da ganawa da shi na wasu watanni, wani daga cikin malamansa kuma ya raka shi gida ya zauna da mahaifiyarsa su yi maganar tare.