Kirarin Soja

JAURO: Mai shayi, haɗa mini kauri, a soya ƙwai uku. Yau soja ya yi mini kirari a shingen hanya.

KOFUR (ya yi ritaya tun tuni, amma hular ba ta yi ba): Soja? Kirari? Me ya ce?

JAURO: An ce kowa ya sauka ya tura babur, ni na ƙi. Sai ya ƙura mini ido ya ce, "Buladi ful!" Aradu har Turanci ya san Fulani.

Ticha ya ajiye kofi, ya gyara tabaransa mai ƙafa ɗaya. Duk wanda ya san shi ya san shayin kowa zai huce.

TICHA: Jauro, zagi ne. Buladi daga bulod take, wato jini.

JAURO: Madalla! Jinin Fulani ke nan.

TICHA: Ful ɗin wawa ake nufi! Asalinta Latin, follis, zugazugin maƙeri. Fata ce cike da iska, kamar kan wasu.

JAURO: Fatar me?

TICHA: Ta dabba mana.

JAURO: To wa ke da dabbobin?

KOFUR: Ticha, bar shi. Mu a bariki ba mu san wani Latin ba. Hafsoshin Turawa suka zo da kalmar buladi, iyayenmu suka kai ta yaƙin Bama suka dawo da ita ta ƙara kauri. Duk wanda ba ya sa kaki sunansa buladi sibiliyan, ko da farfesa ne.

MAI SHAYI: Yanzu kai wane ne, Kofur?

KOFUR: Ranar da na je layin tantance 'yan fansho wani yaro, sa'an jikana, ya kira ni da ita. Zuba mini sukari.

TICHA: Ai su kansu masana sun kasu a kanta. Wasu sun ce guntuwar rantsuwa ce ta Kiristocin dā, da jinin Almasihu. Wasu sun ce da Nana Maryamu ake rantsewa, baki ya tauna kalmar. Wasu kuma suka ce daga 'ya'yan manyan Ingila ta fito, waɗanda ake kira bulods, masu jinin sarauta, da ke buguwa suna ta'adi cikin dare.

JAURO: Jinin sarauta! Tsaya nan, Ticha. Wa ke sarautar Sakkwato? Kano fa? Adamawa fa?

TICHA: Na ce suna buguwa!

JAURO: Wannan ƙarin mahassada ne.

Ticha ya miƙe tsaye. Albashinsa bai shigo ba, amma ilimi ya shigo, kuma dole a sauke shi a kan wani.

TICHA: Tun wajen tsakiyar ƙarni na 18 aka fara ɗaukarta kalmar 'yan tasha. Jaridu suka riƙa buga harafin farko da na ƙarshe, su ja layi a tsakiya. A 1914 wata 'yar wasa ta furta ta a dandalin wasan kwaikwayo a Landan, gari ya ɗauka kamar an yi sata a fada.

JAURO: Kunya ce. Mu ma ba ma faɗin sunan ɗan fari.

TICHA: Mutanen Ostareliya kuwa gishirin magana suka mai da ita. A 2006 suka sa ta a tallar jawo baƙi, Ingila ta hana nuna tallar a talabijin na ɗan lokaci.

JAURO: Ostareliya suna kiwo?

TICHA (murya ƙasa-ƙasa): Suna da shanu da tumaki da yawa.

JAURO: Shi ke nan, 'yan uwa ne. Mai shayi, ƙara wa Ticha madara, ya yi ƙoƙari. Ilimin akwai, fahimta ce ta yi ƙaranci.

MAI SHAYI: Wa zai biya? Shafinsa ya cika tun watan jiya.

JAURO: Rubuta a kaina. Gobe idan na dawo cin kasuwa zan biya duka. Da sassafe ma zan bi ta shingen nan, don ba a yi maka kirari ka tafi haka. Zan cire hula in ce, "Ranka ya daɗe, kai ma buladi ful, har mahaifinka."

KOFUR: Mai shayi, karɓi kuɗinka yau.