"Ina kan karatu tukuna": maganar da ke cinye shekarun ɗaliban digiri na biyu da na uku

Akwai amsar da nake yawan ji daga bakin masu neman digiri na biyu da na uku, kuma duk sanda na ji ta sai raina ya sosu: "Ban fara rubutu ba, ina kan karatu tukuna." A yi wata shida, a yi shekara, amsar tana nan yadda take. Mutum ya cika kwamfutarsa da maƙalu, ya ja layi a ƙarƙashin jimloli ba adadi, amma babin bitar ayyukan da suka gabata bai samu ko shafi ɗaya ba.

Waɗannan ba ragwaye ba ne, kuma ba basira suka rasa ba. Yawancinsu sun ci kwasa-kwasansu da maki mai kyau. Abin da ya faru shi ne, lokacin kwas akwai jadawali, akwai jarrabawa, akwai malamin da zai ce a kawo aiki ranar Litinin. Ana gama kwas sai a janye duk wannan rana ɗaya, a bar ɗalibi da kundi mai babi biyar da wa'adin da ke can nesa. Shekara goma sha shida ko fiye wani ne ke tsara masa lokaci, yau an ce ya tsara wa kansa, ba tare da an taɓa koya masa yadda ake yi ba. A Amurka, binciken da majalisar makarantun gaba da digirin farko ta fitar a 2008 ya nuna kusan kashi 57 cikin ɗari ne kawai na masu neman digiri na uku suka kammala cikin shekara goma. Rashin kuɗi da nauyin iyali suna da hannu a ciki, babu musu, amma ina da yaƙinin wannan giɓi na tsara kai yana da nasa kason.

Me ya sa karatu ya zama mafaka? Saboda karatu ba ya tona asirin mutum. Kana karanta maƙala kana jin kamar ka gane komai. Sai ka zauna rubuta sakin layi guda a kanta, nan take ka ga inda fahimtarka ta tsaya. Wannan ganin yana da ɗaci, shi ya sa ake gudunsa. Masana halayyar ɗan Adam Fuschia Sirois da Timothy Pychyl sun bayyana a 2013 cewa jan ƙafa hanya ce ta kauce wa ɓacin rai na yanzu, a tura nauyin ga kai na gobe. Ni a ganina wannan ya fi kusa da gaskiya a kan a ce wa ɗalibi malalaci. Mai jan ƙafa bai huta ba. Kundin yana bin sa har wurin kwanciya.

Sai kuma yaudarar "idan na samu hutu zan zauna in gama shi gaba ɗaya". A 1994 masanin halayyar ɗan Adam Roger Buehler da abokan aikinsa a Kanada sun tambayi ɗalibai masu rubuta kundin kammala digiri kwana nawa aikin zai ɗauke su. Matsakaicin hasashensu kwana 33.9 ne. Da aka ce su ƙaddara komai ya lalace, suka ce 48.6. Abin da ya ɗauke su a zahiri kwana 55.5. Wato har mummunan zaton da suka yi bai kai gaskiyar lamarin ba. To wanda ya jingina babi uku ga hutun mako biyu, da wane lissafi yake aiki?

Robert Boice, shi ma masanin halayyar ɗan Adam, ya daɗe yana nazarin yadda malaman jami'a ke rubutu, ya kuma gano cewa masu gajeren zama a kullum sun fi samar da shafuka a kan masu jiran ranar da za su kwana suna rubutu. Dalilin a fili yake. Wanda ya taɓa aikinsa jiya ya san inda ya tsaya. Wanda ya bar shi mako uku kuwa, rabin zamansa zai tafi wajen tuno me ma yake son faɗa. Da sannu-sannu kwana nesa, wannan karin maganar ta fi dacewa da kundi fiye da komai.

Masanin ilimi Barry Zimmerman ya kasa sarrafa kai wajen koyo gida uku: shiri kafin aiki, lura da kai ana cikin aiki, sai waiwaye bayan an gama. Na farkon ne ya fi kayar da mutane. "Gobe zan yi aiki a babi na biyu" ba shiri ba ne, buri ne. Shiri shi ne: ƙarfe shida na safe, minti arba'in, waya a wani ɗaki, zan rubuta sakin layi biyu da ke kwatanta ra'ayin masana biyu a kan abu ɗaya. Idan ka tashi, ka rubuta abin da ka yi da inda za ka ɗora gobe. Daftarin ya yi muni? Bar shi ya yi. Ana gyara mummunan shafi, farar takarda ce ba ta gyaruwa.

Ban yarda a ɗora wa ɗalibi laifin duka ba. Malamin da ya karɓi babi ya ajiye shi wata huɗu bai ce uffan ba, ya rushe duk wata ɗabi'ar rubutu da ɗalibin ya sha wuya ya gina. Haka wanda ba ya son ganin komai sai babi ya kammalu tsaf, shi ke koya wa ɗalibansa ɓoye aiki. Malamai masu duba kundi, don Allah ku riƙa neman shafi biyar duk bayan mako biyu, ko da ɗanye ne, ku kuma sa ranar da za ku mayar da shi da gyara, ku cika ta. Sassan jami'o'i su ware ɗaki da sa'o'i inda ɗalibai za su haɗu su yi rubutu tare, kowa da aikinsa. Wannan ba ya buƙatar wani kasafin kuɗi, shugaban sashe zai iya fara shi a wannan zangon.