Tsimin ruwa a gidajen masu ƙaramin ƙarfi a Legas: tun daga zane ake farawa

Ruwa ya kewaye Legas, amma mazaunin Agege ko Idi-Araba da kuɗinsa yake sayen jarka daga hannun ɗan garuwa. Matatar ruwa ta Iju tun 1915 take aiki, an ƙara ta Adiyan, duk da haka famfon gwamnati bai kai ga yawancin gidaje ba. Rukunin gidajen da gwamnatin jiha ta gina, irin na shirin LagosHOMS da tsofaffin gidajen zamanin Gwamna Jakande, sun fi dogara da rijiyar burtsatse, injin turo ruwa da tankin sama. Kowace lita da aka ɓarnatar, kuɗin wuta ne ko na man janareta.

A ganina, gargaɗin 'yan haya su rage ɓarna ba ya kai ko'ina. Mai zane da falamba su ne ke yanke yawan ruwan da gida zai sha shekara da shekaru.

A fara da masai, don nan ruwa ya fi tafiya. A ɗauki bene mai gida 12, kowane gida mutum 5. Idan kowa ya kora sau 5 a rana da tsohon tanki mai lita 9, an zubar da lita 2,700. Da tanki mai maɓalli biyu, lita 6 da lita 3, in kowa ya danna babban sau 1, ƙaramin sau 4, lissafin zai sauko wajen lita 1,080. Bambancin ya kusa jarka 65 mai lita 25, kullum. Sai dai akwai sharaɗi. Ruwa kaɗan ba ya iya tura ƙazanta a bututun da aka shimfiɗa a kwance. Bututu mai inci 4 yana son gangara kamar santimita 2.5 a kowace mita, da ƙarancin lanƙwasa. In an yi sakaci a nan, zai riƙa toshewa, mutane su koma kora sau biyu, an tashi a tutar babu.

Ɓarnar da ta fi ci mini rai ita ce ta tankin sama. A kunna inji, a manta, ruwa ya yi ta ambaliya ta jikin bango har gansakuka ta fito. Maganinta na'ura ce mai iyo a cikin tanki, wadda ke kashe inji da kanta in ya cika. A kuma karkato bututun ambaliya inda ido zai gan shi, ba cikin kwata ba. Haka robar ƙasan tankin masai: in ta ci, ruwa na zirarewa shiru dare da rana. A ɗiga shuɗin wanki a tankin, a jira minti 15. In launi ya bayyana a cikin kwanon, a canja robar.

Ruwan sama kuwa, Legas na samun sama da milimita 1,500 a shekara. Rufin murabba'in mita 200 zai iya tara kusan lita 240,000 bayan an cire asara. A sa raga a indararo, a karkatar da ruwan farko da ya wanko ƙura da kashin tsuntsaye, a rufe tanki ruf saboda sauro. Wannan ruwan na masai ne da wanki da shara, kuma da bututunsa daban mai launi daban, kada wani falamba ya haɗa shi da na sha. Tankin lita 10,000 kwana 9 kawai zai riƙe masan benen nan, don haka ba zai raba mu da burtsatse da rani ba. Zai dai rage janyo ruwan ƙasa, abin da ke da muhimmanci a yankunan bakin teku irin Lekki, inda yawan zuƙa ke jawo ruwan gishiri cikin rijiyoyi.

Masu cewa wannan zai ƙara tsadar gini suna da hujja, amma fasa tayil da bango daga baya ya fi tsada nesa ba kusa ba. Abin da zan ja kunne a kai shi ne kayan da ba a samun gyaransu a kasuwa. Famfo mai ƙyale-ƙyale da ba a samun robarsa a shagon unguwa, da leda za a ɗaure shi cikin wata shida.

Sannan kowane gida ya samu mitarsa da makullin ruwansa a bakin ƙofa. Inda kuɗin ruwa kai ɗaya ne, mai mutum 3 na biya wa mai mutum 10, rigima ba ta ƙarewa, kuma babu wanda zai kira falamba don famfo na ɗiga. Ya kamata gwamnatin jiha ta rubuta waɗannan a sharuɗɗan kwangila, kuma kada a miƙa makullin gida sai an gwada bututu da matsin ruwa an ga ba ya yoyo.