Gidan surukan Shakespeare, ni katakon ne ya dame ni

Duk wanda ya saka hoton gidan nan mai jinka na ƙauyen Shottery, kusa da Stratford a Ingila, zancensa ɗaya ne: nan Shakespeare, shahararren marubucin wasan kwaikwayo, ya je neman auren Anne Hathaway. To, mun ji, sun yi aure a 1582. Amma jama'a, gidan ya girmi auren da shekara fiye da ɗari! Tun 1463 aka kafa sashensa na farko, kuma ni wannan ya fi burge ni fiye da soyayyar.

Ku dubi yadda aka tayar da shi. Kafinta zai nemo itacen da suke kira oak wanda ya tashi a lanƙwashe, ya tsaga shi biyu, ya kafa ɓarin nan da ɓarin can su haɗa kai a sama kamar bakan gizo. Su ne ginshiƙi, su ne kuma ke ɗauke da rufi. A haɗa gaɓoɓin da turakun katako, tun itacen yana ɗanye, yana bushewa yana ƙara damƙewa. Bango ba ya ɗaukar nauyin komai. Tsumagu ake saƙawa tsakanin katakan kamar zana, a yaɓe da laka da ciyawa da kashin shanu, a shafe da farar ƙasa. E, kashin shanu, a ƙasar Turawa. Kakata da ta gani da cewa za ta yi ai wannan aikinmu ne.

Da farko ɗaki uku ne, babu bene. Murhu a tsakiyar falo, hayaƙi ya nemi hanyarsa ta cikin jinka. Daga baya aka gina bututun hayaƙi, aka samu damar ɗora bene. A 1610 Bartholomew, ɗan'uwan Anne, ya sayi gidan, ya ƙara masa sashe, har ya kai ɗaki 12. Shi ya sa nake jin haushi idan an kira shi 'yar bukka. Gidan manoma ne masu tumaki da rufin asiri.

Wata cibiyar adana tarihin Shakespeare ta saye shi a 1892. Gobara ta ci wani ɓangare a 1969, aka gyara. Jinkar da kuke gani a hoto kuwa ba ta zamanin Anne ba ce, an sha sauya ta. Katakan nan masu lanƙwasa dai su ne na 1463.