Hadarin Turner daban, namu daban

Duk wanda ya shiga ajin koyon zanen hadari da fentin mai a nan Ingila, wurin mutum biyu za a tura shi: Turner da Constable, shahararrun masu zane na Ingila a ƙarni na 19. Kuma sun cancanta. A gidan ajiye zane-zane na Tate Britain da ke Landan akwai aikin Turner na 1842, jirgin ruwa mai hayaƙi cikin guguwar dusar ƙanƙara, ba ka gane inda teku ya tsaya sama ta fara. Constable kuwa, a 1821 da 1822, hawa tudun Hampstead da ke arewacin Landan yake yi ya zana gajimare zalla, ya rubuta rana da lokaci da inda iska ta dosa a bayan takardar.

Sana'ar hannu kam, a wurinsu ake ɗauka. Shafin farko a tsinka shi sosai, na samansa a ƙara masa man linsid, wato man da ake haɗa fentin da shi, in ba haka ba zanen zai tsattsage idan ya bushe. Ba a ɗibar baƙin fenti a ce an yi duhun hadari. Shuɗi mai duhu ake gauraya wa da ruwan ƙasa, sai duhun ya yi rai. Haske ana barinsa sai ƙarshe, a ɗora shi da kauri. Sannan haƙuri, domin shafi ɗaya kan yi kwanaki bai bushe ba.

Inda na rabu da malaman ajin shi ne launi da abin da hadarin ke nufi. Nasu daga yamma yake zuwa, ta kan tekun Atlantika, a jiƙe, ruwan toka bisa ruwan toka. Namu daga gabas yake haɗowa a ƙarshen bazara, bayan wata da watanni babu ɗigon ruwa. Kafin baƙin ya iso, jar ƙura ce ke gaba kamar katanga, sama ta koma ruwan goro, ganyen darbejiya ya juya, mata na kwashe shanya, yara na kora awaki gida. Wanda ya zana wannan da launukan Constable ya zana wani wuri ne, ba Katsina ko Maraɗi ba. Shi ya sa nake fara shafe ƙyallen da zan yi zane a kai da jar ƙasa, in bar ta tana leƙowa ta ƙarƙashin gajimaren.

Masu zanen zamanin Turner da Constable sun nemi su nuna ƙanƙantar ɗan Adam a gaban ikon da ya fi ƙarfinsa, shi ya sa mutumin cikin zanensu yakan zama ɗan ɗigo, jirginsa na shirin nutsewa. Mu ma mun san tsoron, mun ga iska ta yaye kwanon ɗaki, mun ga tsawa ta faɗa wa itace. Amma manomin da ya ɗaga kai ya ga gabas ta yi baƙi hamdala yake yi, yana lissafin irin geron da zai shuka gobe da sassafe. Tsoro da murna a fuska ɗaya, wannan ban gan shi a bangon Tate ba.

A 1958 wasu ɗaliban zane a Zariya, cikinsu har da Uche Okeke, suka kafa ƙungiya kan cewa a karɓi dabarun Turawa amma a zana abin gida da idon gida. Ina so in ga ɗaliban da ke can yanzu sun fita bayan gari a watan Mayu da fenti da buroshi, sun yi wa samanmu irin zaman da Constable ya yi wa tasa.