Gobarar daji a Ostireliya: an gyara dokar sabon gida, tsohon fa?

Ni dai a ganina mutanen Ostireliya sun yi dabara da ba su yi wa kowa kuɗin goro ba a dokar gini. Bayan Baƙar Asabar, 7 ga Fabrairu 2009, ranar da wuta ta kashe mutum 173 a jihar Victoria, ta lashe gidaje sama da 2,000, garin Marysville ya koma toka, sai aka ƙara tsaurara ƙa'idar da suke kira AS 3959. Yanzu in filinka na bakin daji ne, kafin ka aza tubali sai an zo an duba wane irin itace ke kusa da kai, mita nawa ne tsakaninku, filin gangare ne ko shimfiɗe, don wuta in ta kama hawan tudu gudu take ƙarawa, sannan a ba ka matakin haɗari, BAL, hawa shida ne, daga LOW har zuwa FZ inda harshen wuta ma zai iya lasar bangonka.

Abin da ya fi burge ni shi ne sun gano yawancin gidajen ba harshen wutar ke cinye su ba, garwashi ne da iska ke kwasowa daga nesa, ya faɗa indararo cike da busasshen ganyen turare, ko ya kurɗa ta ƙarƙashin kwano, mai gida na can yana kallon daji ashe rufinsa ya riga ya kama. Shi ya sa dokar ta matsa a kan ƙananan abubuwa, ragar ƙarfe mai ido bai wuce milimita 2 ba a kafofin iska, gilashi mai jure zafi, toshe duk wata kafa.

Masu cewa tsada ta yi yawa suna da gaskiya, gini a FZ ba na talaka ba ne. Amma to wa ya ce a je a kafa gida cikin kurmin turare?

Inda nake da ja shi ne tsofaffin gidaje. Ita dokar, sabon gini ta kama, da wanda zai yi babban gyara, shi kuwa dattijon da ke zaune a gidan katako tun 1970 ba ruwanta da shi, alhali in nasa ya kama maƙwabcinsa mai sabon gini ma yana cikin haɗari. Gobarar 2019 zuwa 2020 ta sake cin gidaje sama da 3,000. Gara gwamnatocin jihohi su ware kuɗi a sa wa irin waɗannan gidaje raga, a canza musu tagogi tun kafin Disamba ta shigo da zafinta, don a can lokacin ne ake zafi.